Bayani Game da Ƙananan Dillalan Cinikin Farashi

Ana sanad da hakimai da malamansu cewa wani irin ciniki ya yaɗu cikin samari ta wayar hannu. A cikinsa ba a sayen kaya, ba a auna kome. Mutum yakan ƙulla yarjejeniya da dillali a kan farashin zinariya, ko man fetur, ko dala. In farashi ya bi inda ya ce, sai ya ci bambancin. In ya saɓa, a zare daga ajiyarsa. Da yawa daga ƙananan dillalan nan rajistarsu a tsibiran nesa take, kamar Seshel da Banuwatu, inda mai ƙara ba ya iya zuwa.

Abin da ya fi kawo kuka shi ne tabbatad da mai ajiya. Waɗansu sukan karɓi kuɗi nan take ba tambaya, sai ran da mutum ya nemi fid da nasa, sa'an nan a ce ya kawo fasfo ko katin ɗan ƙasa, da hotonsa, da shaidar mazauni, watau takardar banki ko ta kuɗin lantarki wadda yawanci ba ta wuce wata uku ba. To, a ƙauye ina lambar gida? A birni kuwa takardar lantarki sau da yawa sunan mai gidan haya take ɗauke da shi. Ga kuma rubutun suna: Muhammadu a kati, Mohammed a banki. Wannan kaɗai ya isa a riƙe kuɗin mutum. Saboda haka duk malamin da aka roƙa ya rubuta takardar shaida, lalle ya rubuta sunan daidai yadda yake a katin, ya kuma shawarci mai ita kada ya zuba ko kwabo sai an gama tabbatad da shi.

Sa'an nan ga la'ada iri iri. Akwai rata tsakanin farashin saye da na sayarwa, da kuɗin kwana da akan caja kowane dare in ba a rufe ciniki ba, da hasarar canjin naira zuwa dala, shiga da fita. Waɗansu har ajiyar da aka bari ba ciniki suna yankarta wata wata.

A 2018 hukumar kasuwannin jari ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na ƙananan masu wannan ciniki hasara suke yi, ta hana a ba su ciniki fiye da ninki 30 na ajiyarsu. Dillalan tsibirai kuwa sukan ba da ninki 500. A nan, in farashi ya goce da kwabo 20 cikin naira 100, jingina ta tafi duka.

Dokar zuba jari ta Nijeriya ta 2025 ta wajabta wa masu dandalin cinikin kuɗaɗen waje ta intanet su yi rajista da hukumar SEC, wadda babban ofishinta ke Abuja. Can ake binciken sunan dillali.