Bayan Aikin Gwiwa: Kada Ɗaukewar Ciwo Ta Ruɗe Ka

A filayen ƙwallo na Wudil, da zarar la'asar ta yi sanyi, ba a rasa matashin da zai kafe ƙafa ya juya da gudu, ya ji gwiwarsa ta yi ƙas, ya zube ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Kafin isha'i ta kumbura suntum. A gida a ce targaɗe ne, a kira mai ɗori. Sau da yawa kuwa jijiyar cikin gwiwa ce ta tsinke, wadda likitoci ke kira ACL. Ita ke riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame gaba daga ƙarƙashin ƙashin cinya. Hoton ƙashi ba ya nuna ta, sai gwajin hannun likita da hoton MRI. Ja da murza kuma ba sa haɗa ta.

Idan likita ya ga dole sai an yi aiki, ba ɗinke tsohuwar ake yi ba. Jijiya ake yankowa daga bayan cinya ko ƙasan ƙoƙon gwiwa, a huda ƙashi a dasa ta. A nan mutane suke ruɗuwa. Dashen yakan yi rauni a watannin farko, kafin jini ya ratsa shi ya kama jiki sosai. Daidai lokacin ne kuma ciwo yake ɗaukewa, mutum ya ajiye sanda, ya ji shi garau. Sai abokai su fara zuga: “Kai, ai ka warke, zo ka buga mana minti goma!”

Makonnin farko, abin da ake nema shi ne kumburi ya sauka, ƙafa ta miƙe sambal, naman cinya ya farka. Kada a tura matashin kai a ƙarƙashin gwiwa don neman sauƙi, hakan kan sa ta ƙage a lanƙwashe. Salla a yi ta a kan kujera, tsuguno a banɗaki kuma a jinkirta shi har likita ya ba da izini. Daga nan sai keke da ƙarfafa cinya. Gudu a miƙe yakan zo wajen wata 3 zuwa 4. Tsalle da yankan abokin wasa su ne na ƙarshe.

Zirga-zirga daga Wudil zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tafiyar kusan kilomita 40, tana cin kuɗi. Amma yawancin atisayen a tsakar gida ake yin su. Idan likitan gashin ƙashi ya ce a fara ɗaukar nauyi, ko yashin kogi aka ɗura a safa aka ɗaura a idon sawu ya isa somawa.

Yaushe za a koma fili? Wani bincike da aka yi a Norway da Amurka, aka wallafa a 2016, ya nuna duk wata guda da aka ƙara jira har zuwa wata 9 yana rage haɗarin sake jin rauni da kusan rabi. Virgil van Dijk na Liverpool ya ji irin wannan rauni a Oktoban 2020, da duk likitocin da ke kewaye da shi bai sake buga wasa ba sai ƙarshen Yulin 2021. To ina ga ɗan wasan unguwa?

Ƙirgen watanni kaɗai ma bai wadatar ba. Sai ƙarfin ƙafar da aka yi wa aiki ya kai kashi 90 cikin 100 na ɗayar, mutum ya yi tsalle da ƙafa ɗaya ya dira ba tangaɗi, tsoro kuma ya fita daga zuciyarsa.

Saboda haka iyaye da kociyoyi, idan yaro ya fara goge takalmin ƙwallo a wata na biyar don gasar unguwa, a tambaye shi ko likitan gashi ya gwada shi ya sallame shi. Idan bai yi ba, a karɓe takalmin a ajiye masa. Gasa za ta dawo baɗi.