Rufin Soro Da Ruwan Agusta: Daga Makuba Zuwa Shimfiɗar Roba

A ƙasashen Ɗambatta, Makoɗa, Bichi, Minjibir da Dawakin Tofa, inda gonaki suka haɗe da juna har ba a ganin daji tsakanin ƙauye da ƙauye, akwai wani aiki da magidanci ba ya wasa da shi idan bazara ta kama, watau gyaran rufin soro. Kafin hadarin farko ya haɗu, sai ya hau sama ya tono ciyawar da ta tsiro bara, ya cike tsaguwa, ya share bakin indararo, sa'an nan ya yi sabon yaɓe. Wanda ya yi sakaci kuwa, watan Agusta zai tona masa asiri, domin a watan ne ruwa ya fi yawa a ƙasar Kano, a cikinsa ne kuma aka fi jin labarin ɗaki ya rufta wa masu barci.

Wannan matsala ba ta tsaya ga ginin ƙasa ba. Shaguna, benaye na haya, ofisoshi da ɗakunan shan magani da ake yi wa shimfiɗaɗɗen rufin kankare, wanda magina ke kira dekin, su ma suna yoyo. Saboda haka ya kamata ma'aikatan da ke sa hannu a kan takardun kwangila, da ɗaliban da ke koyon aikin gini, su san abin da ke hana irin wannan rufi zuba, na da da na yanzu.

HIKIMAR MAGINAN DA

Maginan Hausa sun daɗe da ƙwarewa a kan shimfiɗaɗɗen rufi. Sukan jera azara da aka faso daga giginya, wadda gara ba ta cika cinta ba, su ɗora zana ko kara a kai, su zuba ƙasa su daɓe. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyi idan tazarar ta wuce kamar ƙafa 6, sai suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga don rufe manyan ɗakuna. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shi ne shaidar da aka fi ambata game da wannan fasaha.

Amma ƙasa kaɗai ba ta tare ruwa. Abin da ke tare shi shi ne yaɓen da ake yi daga sama. Talaka yakan yi amfani da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a jiƙa ta a kwaɓa da ƙasa. Mai hali kuwa yakan yi laso, watau katsin da aka kwaso daga ramin marina, a haɗa shi da gashin awaki na majema da ruwan dafara. Laso yakan yi shekaru, makuba kuwa tana bukatar sabuntawa a kai a kai. Bugu da ƙari, ba a taɓa yin rufin a miƙe ɗoɗar: ana karkata shi kaɗan zuwa ga indararo, indararon kuma a yi shi da tsawo don ya jefa ruwa nesa da gindin bango.

Yau kayan nan sun yi wuya. Yawancin marinar karkara sun mutu, katsi ya zama abin nema. Azarar giginya ta yi tsada, har mutane sun koma ga itacen darbejiya da turare, waɗanda ba su kai ta juriya ba. Kwano, wanda ya yaɗu bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, ya raba mutane da yaɓen shekara-shekara, amma ya kawo nasa: zafi da rana, ƙara idan ana ruwa, ga guguwar farkon damina da ke yaye shi ɗungurungum. Shi ya sa har yanzu manoma da yawa suke riƙe da rufin ƙasa, sai dai sun ƙara masa dabara, suna shimfiɗa leda ko tsohon tamfol kafin su zuba ƙasa.

MENE NE SHIMFIƊAR PVC?

Wannan dabara ta manoma ba ta da nisa da abin da injiniyoyin Turai suka yi wa manyan gine-ginensu. PVC wani nau'in roba ne da kowa ya sani a bututun ruwa da silin zamani. Wani masani Bajamushe mai suna Eugen Baumann ya haɗa shi a 1872, amma ya yi tauri ƙwarai, sai a 1926 Waldo Semon na Amurka ya gano yadda za a tausasa shi da wasu sinadarai. A shekarun 1960 aka fara yin shimfiɗar rufi da shi a Jamus da Suwizalan, ta kuma shiga Amurka a shekarun 1970.

Shimfiɗar takan zo a naɗe kamar tabarma, kaurinta daga milimita 1.2 zuwa 2, da saƙar zare mai ƙarfi a tsakiyarta. An ƙara wannan saƙa ne bayan da aka ga wasu na farko marasa ita suna bushewa su tsattsage idan sun tsufa. Ana shimfiɗa ta a kan kankare ko katako, a ɗaure ta da ƙusoshi na musamman ko a manna ta. Inda falle biyu suka haɗu, ana hura musu iska mai zafi da wata na'ura har su narke su zama abu guda, ba a bukatar kwalta ko wuta. Galibi fara ce ko mai haske, don haka tana mayar da hasken rana, ɗaki ya rage zafi. Ba ta saurin kama wuta, maiƙo ba ya cinta, idan kuma an yi aikin da kyau tana iya kai shekara 20 ko fiye.

Sai dai tana da sharuɗɗa. Ba ta jituwa da kwalta: idan aka ɗora ta kai tsaye a kan tsohuwar shimfiɗar kwalta, sinadaran da ke tausasa ta sukan gudu ta bushe, don haka dole a sa wani abu tsakaninsu. Ƙusa, tsinin rodi ko ƙafar tankin ruwa suna iya huda ta. Tana bukatar ƙwararren ma'aikaci da wutar lantarki a wurin aiki, kuma da yake daga ƙasashen waje ake sayo ta, farashinta yana bin canjin kuɗi. Ledar da manomi ke sa wa a soronsa wata roba ce dabam, siririya, wadda rana ke ƙonewa cikin 'yan watanni idan ba a binne ta da ƙasa ba. Ita ma tana da haɗarinta, domin idan ruwa ya sami ƙofa ya shiga ƙarƙashinta, ba ya bushewa, sai azara ta ruɓe ba wanda ya sani.

RUWA SAI DA HANYA

Wani ɗan lissafi zai nuna girman al'amarin. Ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ne. Ke nan idan aka yi ruwa na milimita 50 a dare ɗaya a kan rufi mai murabba'in mita 100, lita 5,000 ce ta sauka, watau duro 25 masu cin lita 200, nauyin tan 5. Idan indararo ya toshe da ganye ko leda, duk wannan nauyi a kan rufin zai kwana. A ginin ƙasa, ƙasar za ta jiƙe ta ƙara nauyi har azara ta karye. A kan dekin kuwa, ruwan zai bi ƙananan tsaguwa ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Don haka ko da makuba aka yi rufi, ko da kwalta, ko da PVC, ƙa'idojin ba su sake ba. Na farko, a karkata rufin, kamar santimita 2 a kowace mita. Na biyu, a yi mafitar ruwa isasshiya, fiye da ɗaya, don in wannan ta toshe waccan ta yi aiki. Na uku, a naɗo shimfiɗar ta hau jikin rawanin gini, domin a kusurwar da rufi ya haɗu da bango ne yoyo ya fi farawa. Na huɗu, a hau a duba kafin damina da bayanta.

A wannan na huɗun ne ginin hukuma yakan kasa ginin manomi. Manomi ya san in bai hau ba, shi da iyalinsa ruwa zai zuba wa. Ginin hukuma kuwa da an buɗe shi an tafi, sau da yawa ba wanda aka ɗora wa alhakin share indararonsa, sai silin ya faɗo a nemi sabuwar kwangila. Ya kamata kowace Ƙaramar Hukuma ta ware ɗan abin duba rufi a kasafinta na shekara, a kuma rubuta a takardar kwangila irin shimfiɗar da za a sa, da kaurinta, da shekarun da ɗan kwangila ya ɗauki lamuni.

Har wa yau akwai aiki a gaban masu bincike. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, da sassan koyon gini na manyan makarantunmu, suna iya gwada yadda za a haɗa sanyin rufin ƙasa da ƙarfin shimfiɗar zamani a kan kuɗin da manomi zai iya. Su kuma hanzarta rubuta yadda ake haɗa laso daga bakin tsofaffin magina tun suna raye. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga ɓarnarta, amin.