Yadda Ɗakin Mai Saye Ya Zama Kantin Talla

Lokacin bikin yayata, babanmu ya zaɓi gado a cikin wani littafin hotuna da mai kanti ya nuna masa. A hoto kam gadon ya yi kyau ƙwarai, ga fili ta ko'ina. Amma ranar jere da aka kawo shi, sai ya cinye rabin ɗaki, har sai da aka fitar da kabad aka ajiye a zaure. Tun ran nan na shiga bincike a kan irin waɗannan hotuna.

Ashe ɗakunan da muke gani a talla yawancinsu ba wanda ya taɓa kwana a ciki. Alal misali, kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin, wanda Ingvar Kamprad ya kafa a 1943, ya fara buga littafin kayansa a 1951. A garin Almhult ake shirya ɗakunan, a ɗauki hoto, sa'an nan a rushe. A 2014 ma an bayyana cewa wajen kashi uku cikin huɗu na hotunan kayan da kwamfuta aka zana su. Littafin ya kai kwafi miliyan 200 a 2016, amma daga fitowar 2021 aka daina buga shi.

To, mai saye ba wawa ba ne. Yana so ya ga kujera a ɗaki irin nasa, inda yara ke tsalle a kai, shayi yana zuba. Wannan ne ya sa 'yan kasuwa suka koma gidajen waɗanda suka riga suka saya. Kamfanin Made.com, wanda aka kafa a Landan a 2010, ta intanet yake ciniki a lokacin, watau yawancin masu saye ba sa samun zama a kan kujerar kafin su biya. A 2014 sai ya buɗe wani tsari mai suna Unboxed, inda masu saye ke aika hotunan ɗakunansu don wasu su gani. Kamfanin dai ya karye a 2022. Wani kuma a Amurka, mai suna Outer, da ke sayar da kujerun tsakar gida, ya wuce nan. Shi ya mai da gidajen masu saye wurin nuni: baƙo ya zo ya zauna, ya yi tambaya, a biya mai gida lada.

A nan ne ni kam na tsaya. Wanda ake biya, zai iya buɗe baki ya ce kujerar tana ƙara, ko rana ta cinye launinta? Kuma kamfani ne ke zaɓen hoton da zai nuna, ba zai zaɓi ɗakin da gado ya tare ƙofa ba. Ga kuma batun sirri. Hoton ɗaki yana nuna abin da mutum ya mallaka, wani lokaci har da fuskokin 'ya'yansa, kuma in ya shiga intanet da wuya ya dawo.

Mu ma muna da irin wannan talla, sai dai ba mai biyan kowa. Da mata suka zo ganin ɗakin yayata, na ji wata gwaggonmu ta ƙwanƙwasa katakon gadon, ta tambayi inda aka saya. Yaya ta faɗa mata, ta kuma ƙara da cewa, "Amma Gwaggo, ki fara auna ɗakin tukuna."