Sakata Bayan Kwaɗo: Abin da Ya Kamata 'Yan Fanshon Jami'a Su Sani

Wani dattijo da ya koyar da ni a jami'a, wanda ya fi shekara uku da ajiye aiki, yana zaune a ƙofar gida bayan la'asar sai wayarsa ta yi ƙara. Mai kiran ya gaishe shi cikin ladabi, ya ambaci sunansa da sashen da ya yi aiki. Ya ce ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za ta yi taro ta intanet da daddare, an turo wa Malam lambobi shida ta saƙon tes, ya karanto su domin a saka sunansa cikin mahalarta. Malam ya gyara tabarau ya karanto. Kafin a kira magariba WhatsApp ɗinsa ya fita daga hannunsa, sai ga saƙo yana shigo wa ɗalibansa na da, da sunansa da hotonsa, wai yana asibiti, a taimaka da dubu hamsin zai mayar gobe. Ni ma na samu.

Da na je gaishe shi washegari, abin da ya fara ce mini shi ne, "Kai, ni da na yi shekara arba'in ina kama masu satar amsa, yau yaro ya ci ni da baki." Na ce, "Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ai ƙofar ce ba a sa mata sakata ba."

Sakatar da nake nufi ita ce tantancewa mai mataki biyu, wato asusunka na intanet ya ƙi buɗewa sai an kawo masa shaida iri biyu. Kowa ya san abin, ko da bai san sunansa ba. A injin cirar kuɗi sai ka sa kati, ka kuma danna lambar sirri; wanda ya tsinci katinka bai san lambar ba, wanda ya leƙa lambar ba shi da katin. Shaidun da ake amfani da su iri uku ne: abin da ka sani, kamar kalmar sirri, abin da ke hannunka, kamar waya, da abin da ke jikinka, kamar zanen yatsa ko fuska. Idan aka haɗa biyu daga ciki, ɓarawon da ya samu ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa.

Kalmar sirri ita kaɗai ta daɗe da gazawa. Yawancinmu sunan auta da shekarar haihuwa muke haɗawa, mu kuma yi amfani da ita a imel da Facebook da shafin fansho duk a tare. Ko ka ƙirƙiri mai wuya, ana iya sace ta daga wurin da ka ba ajiya: kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013 ya shafi asusu biliyan 3. Akwai kuma shafukan bogi. Saƙo zai zo da tambarin jami'arka, a ce za a rufe imel ɗinka cikin awa ashirin da huɗu in ba ka sabunta ba, ka latsa, ka rubuta kalmar sirrinka da hannunka a shafin ɓarawo.

Me ya sa na ware 'yan fanshon jami'a? Domin abin nema ya taru a wurinsu. A Najeriya, tun daga dokar 2012, farfesa na ajiye aiki yana da shekara 70, sauran ma'aikata kuma 65. Mutum ya fito da suna, da ɗaruruwan ɗalibai da ba za su yi jinkirin tura kuɗi ba in sun ga saƙonsa, ga kuma kuɗin sallama da kowa ya san sun shigo. Harkar fanshon ma ta koma waya. Waɗanda ke cikin tsarin adashin fansho da aka fara a 2004 ƙarƙashin kulawar PenCom, ko suna NUPEMCO ko wani kamfanin, ta manhaja da imel suke ganin bayanan asusunsu. Na tsohon tsari da ke hannun PTAD kuwa ta intanet suke tabbatar da cewa suna raye, da hoton fuska ko zanen yatsa. Sannan a da, in kwamfuta ta yi gardama, sai a aika masinja ya kira yaron sashen kwamfuta. Ranar da aka miƙa makullin ofis, wannan gatan ya ƙare.

A fara da imel, domin shi ne uwar ɗaki. Duk shafin da ka ce masa ka manta kalmar sirri, ta imel zai turo maka hanyar sauyawa. Wanda ya riƙe imel ɗinka zai bi sauran asusun ɗaya bayan ɗaya ya canza musu makulli kana barci.

Shaida ta biyun tana zuwa ta hanyoyi da dama, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wadda aka fi sani ita ce lambar da ake turowa ta saƙon tes, irin OTP ɗin banki. Daɗinta shi ne ko ƙaramar waya mai tocila tana karɓa. Rauninta kuwa yana jikin layin. Ana iya sace waya a ciro layin a sa a wata. Ana iya haɗa baki a yi wa layinka walkam-bak ba da saninka ba. Layin da ka yi watanni ba ka amfani da shi kamfani na iya soke shi ya sayar wa wani, sai lambobinka su riƙa zuwa hannun baƙo. Ga kuma matsalar da kowa ya sani: kana jiran lamba, sabis ya ɗauke.

Hanya ta biyu ita ce manhajar da ke ƙirƙiro lambar a cikin wayar kanta, kamar Google Authenticator ko Microsoft Authenticator. Takan nuna lambobi shida da ke sauyawa duk bayan daƙiƙa 30. Ba ta bukatar data, ba ta bukatar sabis, agogon wayar kawai take so ya kasance daidai. Wannan ita nake ba dattawa shawara su ɗauka in suna da babbar waya, musamman masu tafiye-tafiye. Wanda ya tafi Hajji ko Umra, ko ganin likita a Masar, ya cire layinsa na gida ya sa na can, saƙon tes ba zai same shi ba, amma manhajar na nan tana ba shi lamba ko a cikin jirgi.

Ta uku ita ce tambayar da ke faɗowa a fuskar waya: kai ne kake ƙoƙarin shiga? Sai ka danna e ko a'a. Jami'o'in Amurka da yawa Duo suke amfani da ita, manhajar da kamfanin Cisco ya saya a 2018, kuma a wasu har wanda ya yi ritaya sai ya sa ta muddin yana son ci gaba da riƙe imel ɗin jami'a. Tana da sauƙi, sai dai sauƙin ne kan jawo sakaci. A watan Satumbar 2022 aka kutsa wa kamfanin Uber ta wannan hanya: mai kutsen ya riga ya samu kalmar sirrin wani ɗan kwangila, ya yi ta turo masa tambayar ba ƙaƙƙautawa, har a ƙarshe mutumin ya danna e. Irin wannan ne ya sa manhajar Microsoft yanzu take nuna lamba biyu a shafin da kake shiga, ta ce ka rubuta su a waya. Ƙa'idar dai ɗaya ce. In tambaya ta faɗo alhali ba kai ne kake shiga ba, ka danna a'a, ka sauya kalmar sirri a ranar, domin alama ce wani ya riga ya san ta.

Akwai kuma ɗan makulli irin YubiKey, mai kama da filashi, da ake soka wa kwamfuta. Ya fi duka ƙarfi, amma sai an saya, kuma mai yawan ɓatar da makullin mota ya yi tunani tukuna. A wani bincike da Google ya fitar a 2019, lambar saƙon tes ta tare kashi 96 cikin ɗari na damfarar shafukan bogi da ake watsa wa jama'a, da kashi 76 na harin da aka nufi mutum guda da shi; tambayar fuskar waya ta tare kashi 99 da kashi 90. Saboda haka wanda ƙaramar waya kawai gare shi kada ya ce abin ba nasa ba ne. Saƙon tes ɗin ma ya fi babu nesa ba kusa ba.

Kafa abin ba ya cin minti goma sha biyar. A Gmail, ka shiga saitin asusunka na Google, ka nemi inda aka rubuta Security, a ƙarƙashinsa 2-Step Verification. Zai nemi kalmar sirrinka, sannan ya jero maka hanyoyin. In ka zaɓi manhaja, zai nuna wani hoto mai kusurwa huɗu cike da ɗige-ɗige, wanda ake kira QR. Ka buɗe manhajar a waya, ka haska hoton da kyamara, lambobi shida za su fito, ka rubuta su, shi ke nan. Ya fi sauƙi a buɗe shafin a kwamfuta, waya na hannu don haskawa. Imel ɗin jami'a galibi a kan Google ko Microsoft yake, matakan kusan iri ɗaya ne, sai dai wani lokaci sashen kwamfuta ne ke da ikon buɗe wannan zaɓin. Ba kullum za a riƙa tambayarka lambar ba. A wayarka da kwamfutar gida kana iya cewa a amince da su, sai in an zo daga baƙuwar na'ura.

A WhatsApp, Settings, sannan Account, sannan Two-step verification. Ka zaɓi lambobi shida na kanka, ka sa imel don ranar mantuwa. Da Malam ya yi haka, lambar da ya karanto ba za ta ishi ɓarawon ba. Abin haushi ma, ɓarawon ne ya sa tasa lambar bayan ya shiga. Malam ya kore shi da sabuwar lambar tes, amma sai da ya jira kwana bakwai kafin asusun ya dawo hannunsa. Layin ma a sa masa lambar sirri, a kula dai, in aka yi kuskure sau uku zai kulle sai da PUK.

Inda na fi ganin dattawa suna shan wahala shi ne ranar da wayar ta ɓata ko ta faɗa ruwa. Sakatar da ta hana ɓarawo shiga tana iya hana mai gida. Don haka kada ka tashi daga wurin sai ka tanadi makullin ajiya. Google yana bayar da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace mai lamba takwas, kowace sau ɗaya take aiki. Ka rubuta su da biro a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardar fili da takardar sallama daga aiki. Kada ka ɗauki hotonsu ka bari a wayar, don ranar da za ka neme su ita ce ranar da wayar ba ta nan. Ka ƙara hanya ta biyu, misali manhaja da kuma lambar waya, ka sa imel na daban don farfaɗo da asusu. In za ka canza waya, ka kwashe manhajar zuwa sabuwar kafin ka goge tsohuwar ko ka ba wa ɗa.

Wanda ritayarsa ta kusa yana da aiki na musamman. Tun yana da ofis, ya je sashen kwamfuta ya tambaya: za a bar mini imel ɗin jami'a bayan na tafi, ko za a rufe, kuma yaushe? Jami'o'i sun bambanta a kan wannan. Ko da za a bar masa, ni a ganina ya ɗauke banki da fansho da duk abin da ya shafi kuɗi daga imel ɗin jami'a ya mayar kan nasa na kansa, domin wancan aro ne. Ya duba kuma wace lamba ce ke kan asusun. Na san wanda sai bayan ya koma garinsu ya gano cewa lambar sakatarensa na da ce ke karɓar masa saƙon shiga, tun lokacin da yake shugaban sashe.

Sai maganar jikoki. Ba laifi ba ne a kira yaro ya taya. Hannunsu ya fi namu sauri. Amma yaro in aka ce masa "Zo ka gyara mini wannan abin," abin da ya fi masa sauƙi zai yi: ya sa lambarsa, ya sa manhajar a wayarsa, ya ce, "Baba, an gama." Bayan wata shida ya tafi bautar ƙasa ko ya sayar da wayar, Baba ya zauna a waje. A zaunar da yaron, ya nuna, dattijo ya danna da yatsansa, a kan wayarsa da layin da aka yi wa rajista da lambarsa ta NIN. Sannan a gwada: a fita daga asusun a sake shiga sau biyu, yaron na kallo ba ya taɓawa. Kuma tunda rai na Allah ne, ya kyautu mutum ɗaya amintacce a gida ya san inda takardar lambobin take, ko a cikin ambulan da aka liƙe, don kada iyali su rasa hanyar takardun fansho da na gado.

Duk wannan shiri kuwa ba ya tsare wanda zai karanto lambar da bakinsa. Da ɗan gari akan ci gari, shi ya sa 'yan damfara suke kira da ladabi, suna ranka ya daɗe, suna ambaton BVN da giratuti da sunan tsohon sashenka. Banki ba ya kira ya nemi lambar da aka turo maka, haka kamfanin fansho, haka sashen kwamfuta na jami'a. Duk wanda ya nema, ka kashe wayar, ka kira ofishin da lambar da ka sani tun da.

Malam yanzu ya sa sakatarsa a imel da WhatsApp, takardar lambobin tana cikin jakar da yake ajiye takardun shaidarsa. In akwai ɗan fansho a gidanku ko a layinku, ku ɗauki biro da takarda ku je ku zauna da shi a ƙarshen makon nan, ku fara da imel.