Abin da Ya Hana Kainuwa Zama a Ruwan Kanwa

Ana yi wa kainuwa kirari da dashen Allah, amma ba kowane ruwa take yarda da shi ba. Saiwarta ba ta kai ƙasa, a cikin ruwan take reto, saboda haka cimarta duka daga abin da ya narke a ciki ne. Kududdufin da kwatar gari ke zuba masa, ko wanda ruwan gona ke wanko masa takin zamani, yakan cika da sinadaran naitirojin da fosfaras. Kafin a ankara kainuwa ta rufe shi ruf. Rana ta daina ratsawa, ciyayin ƙarƙashi su ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. Bado bai cika dogara da abin da ya narke a ruwa ba, domin shi a taɓo ya kafa saiwa.

A tafkunan kanwa na Kanem, gabas da Tafkin Chadi, labarin daban ne. Gishirin da ke cikinsu yana zuƙe ruwan jikin tsiro irin kainuwa, kanwar kuma tana ɗaure iskar kabon da ciyayin ƙarƙashin ruwa ke buƙata. Abin da ke jin daɗin wurin shi ne sifirulina, wata halitta mai kama da gansakuka, wadda matan Kanembu ke tacewa su shanya a rairayi, su yi miya da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne dausayin Haɗejiya da Nguru, inda wata ciyawar daban, kachala, ta samu ruwan da take so. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, wurare da dama da a da suke bushewa da rani suka koma zama da ruwa duk shekara. Kachala na son irin wannan zama, tana son laka mai taki, tana kuma jure ɗan gishiri fiye da maƙwabtanta. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye gonakin shinkafa, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi.

Manoma da masunta suna shan wahalar sare ta da adda, a tsaye cikin ruwa. Amma saiwarta tana nan kwance a laka, kuma muddin ruwan bai janye ba, takin bai daina shigowa ba, sai ta sake tohowa.