Zaɓen Faifan SSD Domin Rajistar Rumbun Bayanai

Ina so in yi ɗan bayani a kan wani ƙaramin abu wanda manyan ma'aikatu ke dogara da shi wajen ajiye bayanansu.

Irin waɗannan ma'aikatu ba su zuba bayanai cikin kwamfuta guda. Sukan haɗa kwamfutoci da yawa su zama rumbu ɗaya. Daga cikin manhajojin da ke wannan aiki akwai Ceph, wadda Sage Weil ya ƙago a Jami'ar Kalifoniya, ya kuma yi digirinsa na dokta a kanta a 2007. Cibiyar binciken kimiyya ta CERN, kusa da Janeba, tana aiki da ita. Bisa al'ada kwafi uku take ajiyewa na kowane bayani, a kwamfutoci daban-daban, don in ɗaya ta mutu kada a yi asara.

To, mece ce rajista? Ku dubi mai kanti ranar kasuwa. In masu saye sun yi yawa, sai ya riƙa rubuta ciniki cikin ɗan ƙaramin littafi, da dare ya mai da shi babban kundi a tsanake. Haka Ceph ta yi a tsarinta na farko. Faifai mai juyawa yana ɗaukar kaya da yawa, ga araha, amma yana da nawa, domin sai allurarsa ta nemo wurin rubutu. Saboda haka akan fara rubuta bayani a faifan SSD, wanda babu abin da ke motsi cikinsa, sa'an nan a mai da shi babban faifai. Ba a kuwa gaya wa mai bayani an ajiye sai duk rajistu ukun sun amsa. Kun ga ke nan faifai ɗaya mai nawa ya isa ya tsai da kowa.

A nan ne zaɓe ke da wuya. Saurin da ake rubutawa a jikin kwali ba shi ne abin dubawa ba. Rajista takan aika rubutu ƙanana, ɗaya bayan ɗaya, kowanne kuma sai faifan ya tabbatar ya zauna daram kafin na gaba ya zo. Faifan da aka yi don kwamfutar gida yakan yi sanyi ƙwarai a wannan aiki. Na ma'aikatu kuwa yana da kafasita, watau ɗan ma'ajin wuta, wanda in lantarki ya ɗauke zai ba shi damar ƙarasa rubuta abin da ke hannunsa. Don haka yana iya amsawa nan take ba tare da ya yi ƙarya ba. Mu da muka san yadda wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar karatun dare, ba sai an yi mana dogon bayani ba. A ganina faifan da ba shi da wannan bai cancanci aikin ba, kome araharsa.

Abu na biyu shi ne juriya. Ƙwayoyin SSD suna cinyewa da yawan rubutu, rajista kuwa rubutu take sha dare da rana. Faifan Intel DC S3700, wanda aka fito da shi a 2012, an yi shi ne ya jure a cika shi sau 10 kullum har shekara 5. Watau mai gigabait 200 zai ɗauki gigabait 2,000 kowace rana.

Akwai kuma rowa. Wani sai ya ɗora faya-fayai goma a kan SSD guda don ya rage kuɗi. Ran da ya mutu, duk goman sun fita aiki tare, sai rumbun ya shiga kwafo bayanansu daga sauran kwamfutoci. Shi ya sa masana sukan tsaya wajen huɗu ko biyar.

A 2017 Ceph ta koma sabon tsari mai suna BlueStore, wanda ya rage rubutu sau biyun nan. Duk da haka har yanzu ana ware masa faifai mai sauri domin ƙananan rubuce-rubuce da lissafin inda kome yake, kuma kafasita da juriya su ake dubawa kafin a saya.