Wahayar da ta kai ƙasarta ƙara

A 1996 aka sayar da Hadizatu Mani a yankin Birnin Ƙonni, kudancin Nijar, kan sefa 240,000. Shekarunta 12, Alhajin da ya saye ta kuwa 46. Uwarta baiwa ce, ita ma bautar ta gada. Irinta ake kira wahaya: mata ta biyar, ba sadaki, ba ɗaurin aure. Daka nata, ɗebo ruwa nata, gona tata, da dare kuma ɗakin maigida. Ta haifa masa 'ya'ya.

Mu mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ba sai an fassara mana yanka wa ɗan Adam farashi ba, tun ma kafin a kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. Sai dai cinikin Hadizatu ba a daji aka yi shi ba. Cikin gari ne, kowa na gani.

A 2003 Nijar ta mai da bauta laifi. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta matsa, a 2005 Alhaji ya ba ta takardar 'yanci, har da hatimin mai gari. Ta ce za ta tafi, sai ya ce ina, ai matarsa ce. Ji wani rainin hankali! Ta fita da sunan duba uwarta, ta auri wanda take so. Ya kai ƙara, kotu ta ce ta yi aure kan aure, aka yanke mata wata 6 a gidan yari.

Da ta fito ba ta koma gefe ta yi tagumi ba. Gwamnatin Nijar ɗungurungum ta maka a kotun ECOWAS. Ranar 27 ga Oktoba 2008 alƙalai suka ce ƙasa ta gaza kare ta, a biya ta sefa miliyan 10.

A Maris 2009 aka karrama ta a Washington, ta tsaya gefen Michelle Obama, wadda kakan kakanta Jim Robinson bawa ne a gonar shinkafa a Karolina ta Kudu.

Hadizatu ta dawo gida ta yi gini, ta sayi dabbobi, ta sa 'ya'yanta makaranta. Sannan ta shiga aikin Timidria, tana faɗa wa sauran wahayu yadda ta yi ta fita.